Tabon Aguwa a Zanen Takaba

Mu shida ne a tsakar gidana ranar da na fita takaba, bayan mutanen sadaka sun watse. Akwai ni, zaune bisa tabarma, kaina a cinyar mai kitso. Akwai mai kitson, maƙwabciyata ta gabas, wadda bakinta ya fi hannunta sauri. Akwai ɗiyata ta fari da ta zo daga Tasawa, da mijinta, mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, ya zauna can bakin zaure ya ba mu gefe saboda surukuta. Akwai ƙanen maigidana marigayi, tsohon soja, ya ja kujera ya zauna a inuwar da yayansa ke zama, ba wanda ya ba shi ita. Ta shida uwar mai amalanke ce, tana durƙushe bakin murhu tana wanke ƙoren da aka sha hura. Ita ta ɗebo mini ruwa wata huɗu da kwana goma, shi ya sa ba wanda ya iya cewa ta tashi, ko da yake kowa na so.

Sati biyu kafin nan aka kashe mutumin garinmu da ke neman kujerar mer, wato magajin gari. Da hantsi ne, ranar kasuwar Mayahi, yana kan moto, wato babur, shi kaɗai. A kwarin da hanyar yashi ke nutsewa aka harbe shi sau biyu. Kwana uku bayan haka jandarmomi suka zo suka tafi da ɗan matar nan, mai amalanken jaki, saurayi mai mata ɗaya da jariri. Dalilinsu uku. Ɗan takarar ya taɓa marinsa a bakin rijiya don ya tare wa motar yaƙin neman zaɓe hanya, yaron ya ce masa "za ka gani" a gaban mutane. Masu bin sawu sun ga tayar amalankensa a kwarin. Kuma ranar bai je kasuwa ba, shi da bai taɓa fashin kasuwar Mayahi ba.

Ni na san inda ya wuni, domin tare muka wuni.

Maigidana da ƙanensa gona ɗaya suka gada, can nesa bayan kwarin, suka raba ta da layin aguwa tun ina amarya. Ina cikin takaba labari ya zo mini cewa Soja ya tuge aguwar ya matso da ita cikin namu, kuma dattawa za su je duba iyaka da zarar na fita. Abin da suka tarar a tsaye, shi za su tabbatar. Mai takaba ba ta ƙetare ƙofar gida a garinmu. Wadda ta ƙetare, har jikokinta sai an goranta musu. Na yi kwanaki ina auna mazan garin ɗaya ɗaya, na tsaya a kan yaron nan. Su Kirista ne, gida huɗu ne kawai a garin. Ba ya zama a dandalin ƙofar masallaci inda magana ke yaɗuwa, kuma ko ya faɗa, ba mai ɗaukar maganarsa a kan tawa. Don haka na zaɓe shi. Ban zaɓe shi don kirkinsa ba, ko da yake yana da shi.

Ranar kasuwa gari ya kwashe. Na ce wa maƙwabta kaina ke ciwo, na ja ƙyaure. Ya kawo amalanke bayan danga, na kwanta ciki ya rufe ni da zana. Da muka gangara kwarin, ta ramin zanar na ga mutum biyu a gindin gawo, fuska naɗe da rawani, moto jingine. Yaron ya yi musu sallama, ba su amsa ba. A gona na ciro wuƙar da mai takaba ke riƙewa, da ita na sare aguwa, shi yana haƙa yana dasawa. Na maida iyaka inda take, sannan na ƙara taku goma cikin na Soja, don ya ji yadda abin yake. Muna cikin aikin muka ji ƙara biyu daga nesa, kamar an yar da katako. Yaron ya ɗaga kai. Na ce masa ya ci gaba da haƙa. Da za mu dawo na sa shi ya bi burtalin shanu don kada mu haɗu da ƴan kasuwa, ya lulluɓe ni da kara, kuma kafin mu tashi na sa ya rantse da Allahn da yake bauta wa da nonon da ya sha cewa ba zai ambace ni ba.

To, wannan nake riƙe da shi a ciki lokacin da Soja ya buɗe zancen.

"Ni na riƙa bindiga," in ji shi, yana kaɗa ƙafa. "Na san aikin in na gan shi. Wanga ba aikin mutum guda ba ne. Waccan parti da yake takara da ita ta biya. Bindigar ta Hawandawaki, can bakin boda, ta shigo, cikin buhun gawayi. Yaron anka ba ya kai ta kwari ƙarƙashin zana. Akwai wanda ya ga zanar a amalanke, ta yi tudu kamar an rufe gawa."

Mai kitso ta ja mini gashi har na ji a haƙori. "Tudu kamar gawa! Kun ji ko? Ashe tun da sahe ya ɗauko mutuwar bawan Allah."

Surukina ya yi gyaran murya. Mutum ne mai son ya ga an jera magana kamar yara a layi. Ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa.

"Baba, a yi mini haƙuri. Ga garinmu nan. Ga Mayahi. Wani ya rantse ya gan shi Mayahi da hantsi shina shan shayi. Ga Maijirgi can, bayan Tasawa. Wani ya rantse ya gan shi can da azahar shina sayen esanshi, man moto, a kwalba. Yanzu kun ƙara Hawandawaki. Baba, jaki ne gare shi ko jirgin sama? Esanshin kuma, jakin za ya sha?"

Ɗiyata ta yi dariya ta rufe baki.

"Esanshin na masu moto ne da za su gudu da shi," in ji Soja. "Ku ƴan lakwal, komi sai kun auna da tsinke. Wa ya ce maka da jaki ya tahi? Ya ɗaure jaki a daji, anka ɗauke shi a moto."

"Wa ya ɗauke shi?"

"Waɗanda sunka biya."

"Su wa?"

"In na sani zan zauna nan ina shan hurar sadaka?"

Mushe ya share zanensa da tafin hannu. Ya rage murya, ya ce shi abin da yake ji a Tasawa daban ne. Ɗan takarar yana shirin barin partinsa ya koma wata da mutanensa duka, kuma nasa ne suka riga shi. Ya ce a duba wa aka tsayar a madadinsa tun ba a yi addu'ar bakwai ba. Ya ce yaron nan an same shi ne a arha, ga mari, ga sawu, ga ba shi da kowa.

Na ji maganar ta shige ni, amma ban motsa ba. Cikin su duka shi kaɗai ya kusa, kuma shi ne wanda ba a saurara.

"Kai dai kana kare Kiristan nan don ka yi karatu da su," in ji Soja. "An gaya mini daren da za a yi abin, sun taru a ɗakin addu'arsu har da baƙi."

"Kowane sati suna taruwa, Baba."

"To, ka gani!"

Ɗiyata ta zaro waya daga jaka. Ta ce akwai vokal, saƙon murya, da ke yawo, ta kunna mana. Muryar wani namiji ce da ba wanda ya san shi, yana magana da sauri kamar ana binsa. Ya ce yaron ya amsa laifi, ya ce an yi masa alkawarin moto sabo, ya ce akwai manya a ciki da ba za a faɗi sunansu ba, ya ce a tura wa kowa. Ta ƙare, ta kunna wata. Wannan kuma cewa ta yi ba a Nijar ma yaron ya kwana ba, an ga shigarsa ƙetare da fitowarsa. Ni ban iya karanta abin da ke fuskar waya ba, amma fuskar mutum ina karantawa. Na kalli ɗiyata, na ga daɗi take ji. Ta zo fitar takabar uwarta ta sami abin da za ta kai wa matan unguwarsu.

Duk wannan uwar yaron na jin mu. Ƙwarya ɗaya take ta wankewa, ta ɗauraye, ta sake sa mata ruwa.

Mai kitso ta juya gare ta. "Ke, baiwar Allah, ƙwaryar nan za ta huje. Ke kika haihe shi, ki raba mu da gardama. Mayahi ya tahi, ko Maijirgi, ko duka biyun? Ko layar zana gare ku a littahin naku?"

"Kara ya tahi yi," in ji matar, ba ta ɗago ba.

"Ranar kasuwa? Mai amalanke ya bar lodin kasuwa ya tahi kara?"

"Haka ya ce mini."

"Shi da wa?" in ji Soja.

"Ya ce shi kaɗai."

"An ce jakin ma sun tambaye shi," in ji mai kitso, "shi ma ya ce shi kaɗai."

Aka yi dariya, har da mushe, ko da yake ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi. Ina tuna yadda dariyar ta fito mini, ba tilas a ciki.

Soja ya ɗaga yatsa. "Ga tambayar da ba mai amsa ta. Ya shiga ta kwari. Mi ya hana shi dawowa ta kwari? Mi ya kai shi zagaye ta burtali, cikin ƙaya, da jaki ɗauke da kaya? Mutumin da bai san akwai gawa a hanya ba, hanya yake biyowa. Mushe, zana mini wannan da tsinkenka."

Surukina ya ce shi ma wannan ta tsaya masa. Daga nan bai ƙara kare yaron da ƙarfi ba. Umarnin da na bayar don in ɓoye kaina, shi ya rufe bakin mutum ɗaya da ke tsaya masa.

Sai Soja ya juyo gare ni, da murmushin nan nasa na ƙanen miji. "Yaya, ke fa? Ke da ko kazar maƙwabta ta sake makwanci sai kin sani. Bayan dangarki ya zube karan nan. Ba ki ga komi ba?"

Uwar yaron ta ɗago kai karo na farko. Ba zargi a idonta lokacin, roƙo ne kawai, irin na wanda ke fatan ko wani ya ga wani abu.

Na ce, "Mai takaba idonta a ƙasa yake. Na ji an zube kara, ban ga mai zubewa ba." Da na tsaya nan, da ya isa. Amma na ga Soja bai ɗauke ido daga kaina ba, sai na ƙara. "Abin da na sani, yaron da zai dubi babba ya ce mishi za ka gani, uwarshi ce ba ta kwaɓe bakinshi da wuri ba."

"Gaskiya ɗaya ce, Inna," in ji ɗiyata.

Matar ta maida kanta ƙasa. Mun yi wasan ƴar tsana da ita muna yara, kafin mijinta ya bi ƴan mishan. Wata huɗu tana shigo mini da tulu a ka, ba ta taɓa karɓar ko goro ba.

Soja ya ji daɗi, ya miƙe ƙafa. "Kuma ga riga. Jandarmomi sun tahi da rigar da ya sa ranar. Duk gabanta tabo ne, ja-ja baƙi-baƙi. An wanke jini bai hita ba."

"Ba jini ba ne." Muryarta ta fito da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Ni na wanke ta. Nonon aguwa ne. Na gaya musu, sun ƙi ji. Kowa ya san tabon aguwa, ba ya hita."

"Aguwa?" Soja ya daina kaɗa ƙafa. "Mi ya haɗa mai kara da aguwa? Ina ma aguwa take a wajen nan, in ba gonakin bayan kwari ba, wajen iyakarmu?"

Na ga tunani ya fara tafiya a goshinsa. Mutum ne mai jinkirin fahimta, amma in aka bar shi yana isa. Ban bar shi ba. Na ɗaga kai daga cinyar mai kitso na daka wa ɗiyata tsawa.

"Ke, tashi ki ɗauko zanen takabar nan ki ba ta ta tahi gida. Yau ranar addu'ar ubanki ce, an maida mini gida kotu. Ta isa haka nan."

Al'adarmu ce, zanen da mace ta yi takaba da shi ba ta ƙara ɗaura shi, ana ba wadda ta yi mata hidima. Mai kitso ta tura baki, don ta sa rai da shi. Ɗiyata ta shiga ɗaki ta fito da shi a dunƙule ta miƙa wa matar daga nesa. Soja ya shiga ba ni haƙuri, zancen aguwa ya bi iska. Na ji sanyi a raina, na ce na yi dabara.

Sai matar ta yi abin da kowace mace ke yi in an ba ta zane. Ta warware shi don ta ninke da kyau.

Sati biyu ina ɗaura shi da gefen nan a ciki, har na manta da dalili. Tabon na nan daga gwiwa zuwa ƙasa, ɗigo-ɗigo, da wani babba inda na goge wuƙa. Ta tsaya. Ta murza wurin da babban yatsa. Ta kai shi hanci. Ba wanda ya lura sai ni, sauran sun koma kan ko bindigar ta soja ce ko ta maharba. Ta dube ni, ni ma na dube ta, ban kawar da ido ba. Ta ninke zanen huɗu, ta sa a hammata, ta ce, "Na gode. Allah shi jiƙan mai gida." Ta fita ta bar ƙoren a jiƙe.

Zan faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, don kada wani ya zaci akwai wani gyara a gaba. Dattawa sun je gona, sun tarar da aguwa a tsaye ta kama ƙasa, suka tabbatar da iyaka a inda na sa ta. Soja ya yi ta rantsuwa, amma ba ya iya cewa an matsar da abin da shi ya fara matsarwa. Yaron ya yi damina uku a kaso. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba, wata rana aka buɗe masa ƙofa. Ya dawo da tari, ya kwashi matarsa da uwarsa suka bar garin. Bai ambace ni ba, ko sau ɗaya. Har yau in an zauna ana gardamar wa ya kashe mutumin nan, akwai masu cewa Mayahi aka ga yaron, akwai masu cewa Maijirgi. Mutum biyun da ke gindin gawo, ba wanda ya taɓa maganarsu, don ba wanda ya gan su sai ni da shi. Geron gonar nan shi nake ci.

Washegarin fitar takaba ita ce ranar farko da nake da ikon taka waje. Na yi sallar asuba, na jira gari ya yi haske, na buɗe akwati na ciro sabon turmin atamfa da ɗiyata ta kawo mini. Mata suna fita gaishe-gaishen godiya a irin wannan rana, don haka ba wanda ya yi mamakin ganina a hanya. Na wuce gidan liman, na wuce gidan mai gari, na nufi gidajen nan huɗu na bakin gari.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, jikanta a cinya, matar ɗan tana daka a gefe. Zanen na kan gadonta, ina hango shi daga waje. Ta ce wa surukarta ta je rijiya. Ba ta ba ni tabarma ba.

Na ajiye atamfar a gabanta. Na ce, "Jiya an yi kuskure. Wancan ya tsufa, bai kamace ki ba. Ga wannan."

Ba ta dubi atamfar ba. Ta ce, "Ba zan kai shi ko'ina ba. In na kai, wa zai yarda da ni? Cewa za a yi ni na ɗiga mishi. Ke ce za ki hwaɗa. Ki tahi Tasawa wurin jandarmomi, gidan ɗiyarki na can, surukinki ya san hanya. Kalma guda ce. Ki ce tare kuke."

Na ce, "Takaba nake. Ban hita ba."

Ta sauke jaririn, ta durƙusa, ta kama ƙafata da hannu biyu. Ta kira ni da sunan da ake kirana muna yara, wanda rabon da in ji shi tun kafin aurena. Ta ce an hana ta ganinsa. Ta ce ko gonar ce, su za su noma mini tasu har ta mutu.

Na jira ta gama. Sannan na zare ƙafata, na shiga ɗakinta na ɗauki zanen, na naɗe shi cikin mayafina. Da na fito ta turo mini atamfar da bayan hannu, ta faɗa cikin ƙasa. Na bar ta nan.

A hanya na tsaya gidan liman na yi godiya, na tsaya gidan mai gari na yi godiya. Kowa ya ce kitso ya yi kyau. Da na iso gida na hura wuta, na yayyaga zanen na riƙa turawa ƙarƙashin tukunya kaɗan kaɗan don kada hayaƙi ya yi yawa. A kansa na dama kunu, na zuba wa surukina a kwano mai murfi, na aika ɗiyata ta kai masa zaure.